Ernest Bethell: Baturen Ingila da gwamnatinsa ta ɗaure saboda mutanen Koriya

A watan Nuwamban 2023, lokacin da Sarki Charles na Uku ya karɓi baƙuncin shugaban Koriya ta Kudu na wancan lokaci, Yoon Suk Yeol, a fadar Buckingham, abin da ake murna a kai shi ne cikar shekara 140 da ƙulla hulɗar jakadanci tsakanin Birtaniya da Koriya. Daga 1883 ake fara wannan ƙidaya, shekarar da ƙasashen biyu suka rattaba hannu kan yarjejeniyar abota da ciniki. Sai dai in aka tambayi ɗan Koriya masanin tarihin ƙasarsa wane Baturen Ingila ne ya fi cancanta a kira shi aminin Koriya a wancan zamani, da wuya ya ambaci jakada ko minista. Sunan da zai fara zuwa bakinsa shi ne Bae Seol, wato yadda Koriyawa suke kiran Ernest Thomas Bethell, ɗan jaridar da gwamnatin ƙasarsa ta gurfanar gaban shari'a har sau biyu, ta kuma jefa shi kurkuku domin ta faranta wa Japan rai.

An haifi Bethell ranar 3 ga Nuwamban 1872 a Bristol, birnin tashar jiragen ruwa da ke kudu maso yammacin Ingila. Ya yi karatu a makarantar Merchant Venturers ta garin, bai kuma yi nisa a boko ba, domin a 1888, yana ɗan shekara 15, ya bi mahaifinsa zuwa birnin Kobe na ƙasar Japan, inda mahaifin yake kasuwanci. A nan ya girma, a nan ya koyi harshen Japananci, a nan kuma ya yi shekara goma sha biyar da ɗoriya yana fataucin kayan Japan zuwa Ingila. Shi da ƙannensa sun kafa kamfani da sunan gidansu, ya kuma taɓa sana'ar darduma. A 1900 ya auri Mary Maude Gale, shekara guda bayan haka suka sami ɗa namiji. Ya yi suna a tsakanin Turawan Kobe a fagen wasannin motsa jiki fiye da yadda ya yi a kasuwa, kuma ciniki bai yi masa albarkar da ya so ba. Babu wani abu a wannan zango na rayuwarsa da zai sa a yi tsammanin zai zame wa Japan ƙarfen ƙafa. Hasali ma mutum ne da ya ci, ya sha, ya yi arziki da tsiyarsa a ƙasar, ya san mutanenta fiye da akasarin Turawan da suka yi ta yabon ta daga nesa.

Kafin a bi shi zuwa Seoul, ya kamata a dubi takardu biyu da rayuwarsa ta maƙale a tsakaninsu. Ta farko ita ce yarjejeniyar 26 ga Nuwamban 1883, wadda Sir Harry Parkes ya sa wa hannu a madadin Birtaniya. Sunanta na abota ne, amma irin yarjejeniyoyin nan ne da manyan ƙasashen Turai suka riƙa ƙaƙaba wa Sin da Japan da maƙwabtansu a ƙarni na 19. Wani sashe nata ya tanadi cewa ɗan Birtaniya da ke zaune a Koriya ba ya ƙarƙashin dokar Koriya. In ya yi laifi, jami'an jakadancin ƙasarsa ne kaɗai za su yi masa shari'a, da dokar ƙasarsa, kuma 'yan sandan gari ba su da ikon kutsawa gidansa yadda suka ga dama. Shekara biyu kacal bayan wannan alkawari na abota, sojojin ruwan Birtaniya suka mamaye tsibiran Geomundo na Koriya, suka zauna daga 1885 zuwa 1887 ba tare da neman izinin kowa ba, wai don su tare wa Rasha hanya. Takarda ta biyu ita ce ƙawancen da Birtaniya ta ƙulla da Japan ranar 30 ga Janairun 1902, shi ma tsoron Rasha ne ya haife shi. Ta farkon ta ba Bethell laima, ta biyun kuma ita ce ta sa gwamnatinsa ta nemi hanyar janye laimar.

Yaƙi ya ɓarke tsakanin Rasha da Japan a watan Fabrairun 1904, kuma Koriya, wadda ta shelanta cewa ba ta goyon bayan kowa, ita ce ta fara ɗanɗana kuɗarsa. Sojojin Japan suka sauka a tashar Chemulpo, wato Incheon ta yau, suka cika Seoul. Jaridun Landan suka shiga neman waɗanda suka san yankin, a haka jaridar Daily Chronicle ta ɗauki Bethell a matsayin wakili na musamman. Ya isa Koriya a watan Maris, ya aika da labarin gobarar da ta cinye fadar Sarki Gojong a tsakiyar Afrilu, sannan aikin ya ƙare bayan 'yan makonni. Wani a matsayinsa da jirgi zai nema ya koma Kobe. Shi kuwa sai ya zauna, ya yanke shawarar kafa jaridar kansa.

Ranar 18 ga Yulin 1904 bugun farko ya fito, da suna biyu: Korea Daily News a shafukan Ingilishi, Daehan Maeil Sinbo a shafukan harshen Koriya. Abokin aikinsa tun daga ranar farko shi ne Yang Gi-tak, mutumin Pyongyang mai jin Ingilishi, wanda ya taɓa yin aikin tafinta a fada. Daga baya manyan malamai biyu suka shigo, Park Eun-sik da Sin Chae-ho, waɗanda a yau ake lissafa su cikin iyayen rubutun tarihin Koriya na zamani. Rabon aikin a fili yake. Bethell ba ya karanta rubutun Koriya yadda zai iya tace sharhi, saboda haka alƙalamin da ya girgiza ƙasar na su Yang ne. Abin da shi ya kawo shi ne sunansa a matsayin mai jarida, da fasfonsa, da taurin kan tsayawa a ƙofa ya ce duk abin da aka buga a wuyansa yake.

Darajar wannan fasfo ba za ta fito ba sai an san halin da sauran jaridu suke ciki. Tun daga 1904 hukumomin sojan Japan suke duba kowane shafi na jaridun Koriyawa kafin a buga. In suka soke wani labari a ƙurarren lokaci, masu jera haruffa ba su da damar sake shafin, sai su kifa haruffan dalmar, gindinsu ya kalli takarda. Abin da mai karatu yake gani da safe layuka ne na baƙaƙen murabba'ai a jere kamar bangon bulo, har mutane suka laƙaba wa irin wannan bugu sunan jaridar bulo. Duk wanda ya taɓa zama a teburin gyaran labarai da dare ya san abin da hakan yake nufi ga edita. Jaridar Bethell ita ce ba ta zuwa gaban mai tacewa, domin a idon doka kayan ɗan Birtaniya ce. An ruwaito cewa har allo ya kafa a ƙofar ofishin mai hana Japanawa shiga.

Gwajin farko ya zo ne a kan ƙasa. A tsakiyar 1904 Japan ta nemi a miƙa wa wani ɗan ƙasarta, Nagamori Tokichiro, ikon sarrafa duk filayen Koriya da ba a nomawa na tsawon shekara 50, abin da zai haɗiye wani babban yanki na ƙasar. Jama'a suka tashi tsaye, sabuwar jaridar ta shiga sahunsu, Japan ta janye buƙatar. Wannan ne karo na ƙarshe da abubuwa suka zo da sauƙi. A watan Agustan shekarar aka tilasta wa Koriya karɓar mashawarta da Japan ta zaɓo, ɗaya kan kuɗi, ɗaya kan harkokin waje, na biyun wani Ba'amurke ne mai suna Durham Stevens da ya daɗe yana yi wa Tokyo aiki. A 1905 aka ture John McLeavy Brown, ɗan Birtaniyan da ya riƙe hukumar kwastan ta Koriya tun 1893, gwamnatinsa ba ta tsaya masa ba. Ranar 12 ga Agustan 1905 Birtaniya da Japan suka sabunta ƙawancensu, wannan karon Landan ta amince a rubuce cewa Japan tana da ikon ja-gora da iko da kariya a kan Koriya, ita kuma Japan ta yarda ƙawancen ya shafi tsaron Indiya. Cinikin ke nan, kuma ba a tuntuɓi ko mutum ɗaya a Seoul ba.

Mai karatu a Najeriya ba zai ga baƙon abu a nan ba. Shekara biyu kafin haka ne dakarun Lugard suka ci Kano da Sakkwato, don haka gwamnatin da ke shimfiɗa nata mulkin kariya a bakin Neja ba ta da bakin hana ƙawarta yin irinsa a gabashin Asiya. Akwai ma mutum guda da ya haɗa labaran biyu. Jakadan Birtaniya a Tokyo a duk tsawon rikicin Bethell shi ne Sir Claude MacDonald, wanda a 1889 ya bi kogunan Neja da Binuwai yana binciken ayyukan kamfanin Royal Niger, daga 1891 kuma ya zama kwamishinan yankin da aka sani da Oil Rivers, da mazauninsa a Kalaba. Ta teburinsa ne yawancin koke-koken Japan a kan ɗan jaridar suka bi zuwa Landan.

A daren 17 ga Nuwamban 1905, sojoji na kewaye da fada, Ito Hirobumi ya sa aka ƙulla yarjejeniyar da ta karɓe harkokin wajen Koriya ta miƙa wa Japan. Firaminista Han Gyu-seol ya ƙi amincewa, ministoci biyar suka amince, Sarki Gojong kuwa bai taɓa sa mata hannu ba. Kwana uku bayan haka editan jaridar Hwangseong Sinmun, Jang Ji-yeon, ya buga wani sharhi na kuka da la'anta ba tare da ya kai shi gaban masu tacewa ba. Aka kama shi, aka rufe jaridar. Jaridar Bethell ta yaba masa a fili, ta ba da labarin yadda aka murɗe hannun ministocin, ta kuma fitar da bugu na musamman ɗauke da fassarar sharhin cikin Ingilishi domin duniya ta karanta. A ƙarshen watan, lokacin da babban bafade Min Yeong-hwan ya kashe kansa don baƙin cikin abin da ya faru, ita ce ta fi kowa baza labarin. Ofisoshin jakadancin ƙasashen waje suka fara naɗe kayansu, na Birtaniya ya koma ƙaramin ofishin jakadanci, Ito kuma ya dawo a farkon 1906 a matsayin Babban Razdan. A watan Janairun 1907 jaridar ta buga hoton wata wasiƙa mai hatimin sarki, wadda wakilin jaridar Tribune ta Landan, Douglas Story, ya fitar daga ƙasar a ɓoye, inda Gojong yake bayyana cewa da yardarsa ba a yi yarjejeniyar ba.

Shekarar 1907 ita ce ganiyar jaridar. A watan Fabrairu wasu mutanen birnin Daegu, ƙarƙashin Seo Sang-don da Kim Gwang-je, suka kawo wata shawara mai sauƙin fahimta. Bashin da Japan take bin Koriya ya kai won miliyan 13, kusan kuɗin shigar gwamnati na shekara guda, kuma da shi ake riƙe da wuyan ƙasar. Suka lissafa cewa in mutum miliyan 20 suka bar shan taba na wata uku, kowa ya tara abin da zai kashe, za a biya bashin. Jaridar Bethell ta ɗauki kiran ta kai shi ko'ina, ofishinta ya zama ɗaya daga cikin wuraren karɓar gudummawa, tana buga sunayen masu bayarwa. Mata suka riƙa cire zobba da tsinken ado na gashi suna kawowa, wasu suka rage shinkafar da suke dafawa. A wannan shekara dai, wani ministan fadar sarkin Japan, Tanaka Mitsuaki, ya sa aka wargaza wata hasumiyar marmara mai hawa goma ta haikalin Gyeongcheonsa, ginin 1348, aka kwashe ta zuwa Tokyo. Bethell da wani Ba'amurke malamin makaranta, Homer Hulbert, suka yi ta tona zancen har ya zama abin kunya a jaridun waje. A 1918 aka dawo da hasumiyar, yau tana tsaye a cikin babban gidan tarihi na ƙasa a Seoul. Daga watan Mayu aka ƙara bugu na uku da zallar haruffan Hangul, domin mata da talakawan da ba su iya haruffan Sin ba, kuma jimillar abin da ake bugawa ta haura kwafi 10,000, fiye da sauran jaridun birnin in an haɗa su. An ruwaito cewa Ito da kansa ya koka cewa layi ɗaya na jaridar ya fi jawabansa ɗari tasiri a zukatan Koriyawa.

Ba za a yi wa tarihi adalci ba in aka ce jaridar ba ta da tabo. Masana tarihi sun nuna cewa fadar Gojong tana tallafa mata da kuɗi a asirce, saboda haka ba za a kira ta 'yar ba-ruwanmu ba, kamar yadda Seoul Press, jaridar Ingilishi da ofishin Razdan ya ɗauki nauyi don ta ƙalubalance ta, ita ma ba haka take ba. Tana kuma buga jita-jita in ta dace da abin da masu karatunta suke son ji. Misali mafi shahara shi ne na Yi Jun, ɗaya daga cikin manzanni uku da Gojong ya aika a ɓoye zuwa taron zaman lafiya na birnin Hague a 1907. An hana su shiga zauren, Yi Jun kuma ya rasu a masaukinsa a watan Yuli. Jaridar ta fitar da bugu na musamman cewa kashe kansa ya yi a gaban wakilan ƙasashen duniya, labarin da ba haka yake ba, ya kuma zauna a bakin mutane shekaru masu yawa. Edita mai kishin sana'arsa ba zai kare wannan ba. Abin da za a iya cewa shi ne, a manyan batutuwan da Japan ta fi musantawa, wato tilasta yarjejeniya, da satar hasumiya, da ƙone ƙauyuka, lokaci ya tabbatar da abin da jaridar ta faɗa.

Aika manzannin ya jawo wa Gojong gadon sarautarsa. A watan Yulin 1907 aka tilasta masa sauka, ranar 1 ga Agusta aka rusa rundunar sojan Koriya, sojojin da aka kora suka fantsama cikin duwatsu suka haɗu da mayaƙan sa-kai. Jaridar ta riƙa kawo rahoton faɗan kusan kullum, tare da na ramuwar gayyar da sojojin Japan suke yi a kan fararen hula. Tun kafin nan Tokyo take roƙon Landan ta kori Bethell daga ƙasar ko ta rufe masa baki, kuma ma'aikatar harkokin wajen Birtaniya ƙarƙashin Sir Edward Grey ta riga ta gyara dokar da ke hukunta 'yan ƙasarta a Sin da Koriya a farkon shekarar, ta yadda buga abin da zai tunzura jama'a a kan hukuma ya zama laifi. A tsakiyar Oktoba aka gurfanar da shi a ofishin jakadancin Birtaniya da ke Seoul, gaban ƙaramin jakada Henry Cockburn. Aka same shi da laifi, aka sa ya ɗauki alkawarin kama bakinsa na wata shida bisa jinginar fam 300.

Wa'adin na cika, sai ga wata sabuwa. A watan Maris na 1908 Durham Stevens ya isa San Francisco yana gaya wa 'yan jarida cewa Koriyawa suna jin daɗin mulkin Japan, wasu matasa biyu 'yan Koriya, Jeon Myeong-un da Jang In-hwan, suka tare shi, Jang ya harbe shi, ya mutu bayan kwana biyu. Bugun harshen Koriya na jaridar ya ɗauki matasan a matsayin 'yan kishin ƙasa. Wannan rubutu da wasu biyu, ɗaya mai kwatanta Koriya da Italiya a zamanin Metternich, ɗaya mai yabon wasu ɗalibai da suka yi rantsuwar kishin ƙasa da jinin yatsunsu, su ne aka gina tuhuma ta biyu a kansu. A watan Afrilu kuma aka gyara dokar jarida ta Koriya yadda 'yan sanda za su iya ƙwace bugun jaridar baƙo a titi, ko da ba za su iya taɓa mai ita ba.

Shari'ar da aka fara ranar 15 ga Yunin 1908 tana cikin mafi ban mamaki a tarihin yankin. Alƙali Frederick Bourne da lauyan gwamnati Hiram Parkes Wilkinson sun taso ne daga babbar kotun Birtaniya da ke Shanghai. Mai ƙara jami'in Japan ne, Miura Yagoro. Wanda ake tuhuma Baturen Ingila ne, lauyansa C. N. Crosse ya zo daga Kobe, shaidun kariya kuwa Koriyawa ne, kuma laifin shi ne haddasa gaba tsakanin gwamnatin Koriya da talakawanta, alhali kowa a ɗakin ya san wace gwamnati ake nufi. Yang Gi-tak ya tsaya ya shaida cewa shi ne ke kula da bugun harshen Koriya. Wasu shaidu suka bayyana irin azabar da aka gana musu a hannun hukuma, abin da ya sa zaman ya koma tamkar mulkin Razdan ake tuhuma. Duk da haka Bourne ya yanke cewa mai jarida shi ke ɗauke da alhakin abin da ya buga, ko ya iya karanta shi ko bai iya ba, ya ɗaure Bethell mako uku, da sharaɗin sake ɗaukar alkawarin wata shida in ya fito. Da yake babu kurkukun Birtaniya a Seoul, jirgin ruwan yaƙi mai suna HMS Clio ne ya ɗauke shi daga Chemulpo zuwa Shanghai, fursuna guda a cikin jirgin sarki.

Abin da ya biyo baya ya fi shari'ar muni, kuma a nan ne wani Baturen na biyu ya shigo labarin ta inda ba a zata ba. A watan Yuli, daidai lokacin da Bethell yake gama zaman kurkuku, 'yan sanda suka yaudari Yang Gi-tak ya fito daga harabar jaridar, suka kama shi bisa zargin cin kuɗin asusun biyan bashi. Aka cusa shi a wani ɗaki mai cunkoso cikin zafin bazara har ya rame ya lalace. Henry Cockburn, mutumin da ya hukunta Bethell da hannunsa wata tara kafin nan, ya ɗauki wannan a matsayin cin amana, domin an ba da tabbacin cewa ba za a taɓa shaidun da suka bayyana a kotun Birtaniya ba. Ya matsa har aka yarda a kai Yang asibiti. Wajen fitar da shi aka yi kuskure aka sake shi, shi kuwa ya miƙe sai ofishin jaridar, inda 'yan sanda ba su da ikon shiga. Japan ta nemi a miƙa shi, Cockburn ya ƙi. Jaridun Japan suka yi masa ca, ofishin Razdan ya kai ƙararsa, daga ƙarshe umarni ya zo daga Landan cewa a miƙa Yang bisa sharaɗin a yi masa magani a kuma yi shari'ar a bainar jama'a. Ranar 29 ga Satumba kotu ta wanke shi saboda rashin hujja. Cockburn ya bar Koriya a wannan watan, bai sake komawa ba, ba da jimawa ba kuma ya bar aikin jakadanci gaba ɗaya. Ɗansa Claud ya zama sanannen ɗan jarida mai caccakar gwamnatoci, jikokinsa ma suka gaji sana'ar.

An wanke Yang, amma an riga an cimma abin da ake nema. Shari'ar ta nuna cewa Bethell ya zuba wani kaso na kuɗin asusun a hannun jarin haƙar ma'adinai, ya kuma ba da wani rance, abin da ba sata ba ne amma ganganci ne da dukiyar da talakawa suka tara da zobban matansu. Shakka ta shiga zukata, gudummawa ta tsaya, yunƙurin biyan bashin ya mutu. Wata jaridar Turawa ta Shanghai, North China Daily News, ta buga cewa Bethell ya amsa laifin cin kuɗin. Ya kai ta ƙara a kotun Birtaniya ta birnin, wato kotun da ta aiko da alƙalin da ya ɗaure shi, a watan Disamba kuma ya yi nasara aka ba shi diyya.

Tun kafin shari'a ta biyu ya mayar da sunan mai jaridar harshen Koriya zuwa ga wani ɗan ƙasarsa, Alfred Marnham. A watan Janairun 1909 ya farfaɗo da bugun Ingilishi da ya tsaya, amma jikinsa ya riga ya gaji. Shari'o'i, da ƙarancin kuɗi, da yawan taba da giya da aka san shi da su, duk sun taru a kansa. Ciwon zuciya ya kwantar da shi, ya rasu a Seoul ranar 1 ga Mayun 1909 yana da shekara 36. An ruwaito cewa wasiyyarsa ga Yang ita ce kada a bar jaridar ta mutu tare da shi, a ci gaba da ita domin ceton mutanen Koriya. Aka binne shi a maƙabartar baƙi ta Yanghwajin da ke gaɓar kogin Han, jama'a masu yawa suka raka gawar, malamai daga sassan ƙasar suka aiko da waƙoƙin ta'aziyya. Matarsa Mary ta koma Ingila da ɗansu, ta tafi da waɗannan takardu da tutocin ƙasashen biyu, ta adana su har ƙarshen rayuwarta. Daga baya kayan sun dawo Koriya.

Wasiyyar ba ta cika ba. A watan Oktoban shekarar An Jung-geun ya harbe Ito a tashar jirgin ƙasa ta Harbin. A watan Mayun 1910 Marnham ya sayar da jaridar ga ofishin Razdan a asirce kan fam 700, ya bar ƙasar, Yang da abokansa suka ajiye aiki. Ranar 29 ga Agusta Japan ta shelanta haɗiye Koriya. Birtaniya ba ta yi gardama ba, abin da ta fi damuwa da shi shi ne kada a taɓa harajin kayan fatakenta, aka kuma yi mata alkawarin barin sa yadda yake na shekara goma. Gatan shari'ar jakadanci da yarjejeniyar 1883 ta bayar ya faɗi tare da ƙasar da ta bayar da shi. Kashegari jaridar ta fito an yanke kalmar Daehan daga sunanta, wato sunan daular Koriya, ta zama Maeil Sinbo, kakakin gwamnatin mulkin mallaka har zuwa 1945. Jaridar Seoul Shinmun ta yau daga wannan tsatso take ƙirga asalinta.

Abokan aikinsa sun ci gaba da gwagwarmaya ba tare da laimar kowa ba. Yang Gi-tak, wanda tun 1907 yake cikin jagororin ƙungiyar asiri ta Sinminhoe tare da An Chang-ho, an kama shi a 1911, ya sha ɗauri, daga baya ya tsallaka Sin inda ya rasu a 1938. Park Eun-sik ya zama shugaban gwamnatin gudun hijira ta Koriya a Shanghai a 1925, shekarar da ya rasu. Sin Chae-ho ya mutu a kurkukun Japan da ke Lushun a 1936. Babu ɗayansu da ya ga ranar 'yanci.

Birtaniya ta amince da Jamhuriyar Koriya a watan Janairun 1949, shekara mai zuwa ta aika da sojoji yaƙin Koriya, inda fiye da 1,000 daga cikinsu suka mutu. Bataliyar da ta fi yin suna a faɗan kogin Imjin na Afrilun 1951 ita ce ta Gloucestershire, wadda take ɗibar samarinta daga yankin da Bristol take. A 1968 gwamnatin Koriya ta Kudu ta ba Bethell lambar girma ta waɗanda suka yi hidimar kafa ƙasa, shekara 59 bayan rasuwarsa. A kan kabarinsa kuwa duwatsu biyu ne suke tsaye. Na farko an kafa shi a 1910 da kuɗin da Koriyawa suka tara, Jang Ji-yeon ne ya tsara rubutun da ke bayansa, amma hukumomin Japan suka sa aka kankare shi da kurfi. A 1964 'yan jaridar Koriya suka haɗa kuɗi suka sassaƙa rubutun a wani sabon dutse, suka kafa shi a gefe, suka bar tsohon da kankararren bayansa yadda yake.